CBT-I: Maganin Rashin Barci da Ba a Haɗiya da Ruwa

Jama'a, ku da muke tarayya a son abin nan, ku matso mu sake yaba shi, don ni dai ban gaji ba. A duk abin da masana halayyar ɗan Adam suka fito da shi cikin shekara hamsin da suka wuce, babu wanda ya kwanta mini a rai kamar CBT-I, wato tsarin gyaran tunani da ɗabi'a da aka shirya musamman don masu fama da rashin barci mai naci. Tsari ne tsaf-tsaf, mai hankali, mai arha, marar ɓoye-ɓoye, wanda kayan aikinsa ba su wuce takarda da biro da agogo ba, ana kuma kammala shi cikin zama huɗu zuwa takwas, mutum ya kama gabansa da ilimin da zai yi masa amfani har tsufa. Ko ƙwaya ɗaya babu. Ina kuka taɓa ganin irin wannan?

Kun dai san ba kowane juyi a kan gado ake nufi ba. Wanda jarrabawa ta hana shi runtsawa kwana biyu, ko sauro da zafin bazara suka hana shi sakat, wannan da sauƙi, nasa zai wuce. Ana maganar wanda aƙalla dare uku a mako barci ke ƙaurace wa idonsa, ko ya ƙi zuwa, ko ya zo ya tsere da talatainin dare, an kuma shafe wata uku ko fiye a haka, alhali ga wurin kwanciya ga lokaci, sannan da rana ya ji a jikinsa: kasala, saurin fushi, mantuwa, nauyin kai. Kusan mutum ɗaya cikin goma na manya a wannan hali yake. Muna da yawa, ba ma dai ganin juna ne, saboda kowa a ɗakinsa yake zare ido.

Gwanina a wannan fage, wanda ban yarda a haɗa shi da kowa ba, shi ne Arthur Spielman na birnin Niyok a Amurka. A 1987 shi da abokan aikinsa suka shimfiɗa bayanin da har gobe babu kamarsa. Suka ce akwai abin da mutum ya taso da shi, kamar saurin farkawa da yawan saƙe-saƙe. Akwai kuma abin da ya tayar da ƙurar: rasuwa, bashi, haihuwa, ciwo, sallama daga aiki. Sai na ukun, wanda saboda shi nake jinjina wa bawan Allah nan: abin da ke ci gaba da raya matsalar bayan dalilinta ya daɗe da wucewa. Mene ne shi? Dabarunmu na rama barci. Shigewa gado tun ana idar da isha'i wai ko a dace, komawa bayan asuba har hantsi ya dubi ludayi, doguwar ƙailula, soke ziyara saboda jiya ba a yi barci ba, shayi mai kauri da yamma don ido ya buɗe. An biya bashin, an share makokin, jaririn ya yi wayo, amma waɗannan halaye sun samu wurin zama, su ne kuma ke riƙe da rashin barcin. Duk wanda ya ji wannan bayani karon farko sai ya yi tsit, sannan ya ce, "To ai ni ake faɗa."

Daga nan ne Spielman ya fito da abin da na fi so a duk tsarin, tauraron wasan, wato taƙaita lokacin kwanciya. Kai, wannan dabara ta haɗu! Ana farawa da dayarin barci: mako ɗaya ko biyu, kowace safiya ka rubuta lokacin da ka kwanta, kimanin mintin da ka ɗauka kafin barci ya kwashe ka, sau nawa ka farka, da lokacin da ka bar shimfiɗa. Kintace ake yi, ba a son ka kwana kana leƙen agogo. Sai a yi ɗan lissafi mai daɗi. A ce mutum yana kwanciya ƙarfe 9:30 na dare ya tashi 5:30, awa 8 ke nan a kan gado, amma ainihin barcinsa awa 6 ne. A raba 6 da 8, ya ba da kashi 75 cikin ɗari. Wannan shi ne makin ingancin barcinsa, abin da ake nema kuwa kashi 85 ne zuwa sama. Sai mai ba da horon ya dube shi ya ce, tunda awa 6 jikinka ke bayarwa, awa 6 za mu ba ka a gado. Tashi yana nan 5:30 ba canji, kwanciya kuwa sai 11:30.

Wanda bai san dawan garin ba zai ce wannan ai mugunta ce, mutum na kukan barci a kuma rage masa. Mu kuwa mun san sirrin. Curin fura ɗaya aka dama da ruwan kwano biyu, ta fito tsululu, ba ƙoshi ba ɗanɗano. A rage ruwan, ga fura nan da kaurinta. Awa shidan nan da ke warwatse cikin awa takwas, gutsure-gutsure, da farkawa a tsakani, su ne za su dunƙule su zama barci ɗaya mai nauyi. Kimiyyar abin ma a fili take. Tun daga lokacin da ka farka, wani sinadari mai suna adinosin yana taruwa a ƙwaƙwalwa, iya daɗewarka a farke iya nauyin barcin da ke hawa kanka. Alexander Borbély ya bayyana a 1982 cewa wannan nauyi da agogon cikin jiki su biyu ne ke juya akalar barci. Tashi a lokaci ɗaya kullum yana saita agogon, jinkirta kwanciya yana tara nauyin. An jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya, ba a kashe ko sisi ba.

Ku tuna makon farko, ku da kuka ratsa shi. Ƙarfe goma da rabi, gida ya yi tsit, yara sun daɗe da shemewa, kai kuma kana zaune a kujera ido ya yi jajir, kai na rinjaya, ga gado can yana kiranka, an ce kada ka kusance shi sai nan da awa guda. Ka miƙe ka ninke wanki, ka goge takalmin gobe, ka zaga tsakar gida, ka dawo ka dubi agogo, saura minti ashirin. A nan ne abin mamakin yake faruwa, kuma har yau idan na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Mutumin da ya shekara yana fargabar faɗuwar rana, wanda da zarar ya ga katifa gabansa ke faɗuwa, yau shi ne ke ƙirga mintoci yana ɗokin a ba shi izinin kwanciya. Tsoro ya koma marmari. Sai wani dare ka ɗora kai a matashi, abin da za ka ji na gaba kiran assalatu ne. Ba juyi, ba leƙen waya, ba lissafin bashi. Wallahi wanda bai ɗanɗani wannan safiyar ba bai san me muke wa zumuɗi ba.

Kuma ba a barin ka a nan. Idan makinka ya kai kashi 90 a mako, sai a ƙara maka minti 15, ka riƙa kwanciya 11:15. Mako na gaba ma haka, sannu a hankali, har a kai iyakar abin da jikinka ke bukata. Idan maki ya faɗi, a ɗan ja baya. Ba a kuma sauka ƙasa da awa biyar ko biyar da rabi, komai ƙarancin abin da dayari ya nuna. Akwai abin da ya kai wannan adalci? Barcinka da kansa ke yanke hukunci, takarda ce shaida.

Kafin Spielman kuwa akwai Richard Bootzin, wanda tun 1972 ya gano abin da kowane mai rashin barci ya sani a jikinsa amma ya kasa faɗa. Me ya sa za ka riƙa gyangyaɗi a falo gaban talabijin, amma kana shiga ɗaki ido ya bushe ƙamas? Saboda ƙwaƙwalwa ta riga ta haddace cewa gado wurin fama ne. Dare ɗari kana kwance a kai kana tsaki da tunanin duniya, dole ta ɗauki darasin. Maganin Bootzin shi ne a sake mata karatu. Kada ka kwanta sai barci ya zo da gaske, irin wanda ke rufe ido, don gajiya daban, jin barci daban. Gado na barci ne da sha'anin ma'aurata, shi ke nan. Ba cin abinci, ba kallon fim, ba hirar WhatsApp. Idan ka kwanta abin ya ƙi, ka tashi ka bar wurin, ka yi wani abu mai sanyi a haske kaɗan, sai barci ya dawo ka koma. Ko sau biyar ne a dare ɗaya. Farfesa Colin Espie na Jami'ar Oksfod ya mayar da ita ƙa'idar rubu'in awa, mai sauƙin riƙewa: ka ji kamar an yi minti goma sha biyar ido biyu, miƙe.

Akwai daɗi na musamman a wannan tashin na ƙarfe biyun dare. Da can kwance kake kamar fursuna kana jiran gari ya waye. Yanzu kana da abin yi: ka sauko, ka zauna a tabarma, ka jingina da bango, ka ja carbi ko ka buɗe wani littafi marar tayar da hankali, ba ka neman komai, har hamma ta fara zuwa. Kai ke riƙe da linzami.

To amma bari in yi ɗan ƙorafi, don so bai hana faɗin gaskiya. Waɗanda suka rubuta ƙa'idojin nan masu ɗaki da falo ne, kowane yaro da ɗakinsa. Mai ɗaki ɗaya da iyali biyar, wane ɗakin zai koma? Ɗalibin da gadonsa a hostal shi ne kujerarsa, shi ne teburin karatunsa, ya zai yi? Littattafan ba su cika damuwa da wannan ba, abin yana ba ni haushi. Sa'ar da aka yi, ruhin dokar ya fi harafinta: a samu bambanci tsakanin wurin barci da wurin zama, ko da saukowa ne daga katifa zuwa darduma a gefe. A wani ɓangaren kuma mu muka fi su morewa. Bature sai ya yi ta kokawa da alam kafin ya saba da tashi lokaci ɗaya har ranar hutu, mu kuwa sallar asuba ta riga ta kafa mana turken. Inda gizo ke saƙar shi ne komawa barci bayan sallah, da kuma ƙailula. A makonnin horo dai a haƙura da su, in kuma ya zama dole, a yi gajeruwa ƙwarai tun rana ba ta karkata ba, a kuma rubuta ta a dayari. Goro da shayi kuwa a sallame su da wuri, domin kafeyin da ke cikinsu yana toshe wa adinosin hanya ne, kuma bayan kimanin awa biyar rabinsa na nan a jini.

Sashen gyaran tunani shi ma ba baya ba. Charles Morin na Jami'ar Laval a Kanada ya yi aiki mai kyau a kan zantukan da muke yi wa kanmu cikin duhu: dole sai na yi awa takwas, in ban yi barci yau ba gobe ta lalace, wannan abin zai haukata ni. Sai a ɗauko su ɗaya bayan ɗaya da rana tsaka a auna su da abin da dayari ya nuna. Ranar da ka kwana ido biyu, shin da gaske ka kasa aiki? Sau da yawa amsar ita ce an sha wuya, amma an yi. Allison Harvey kuma ta nuna a 2002 yadda sa ido a kan barci, da duban agogo, da lissafin saura awa nawa, ke ƙara hura wutar. Juya fuskar agogo zuwa bango kawai, wani sai ka ji ya ce nauyi ya sauka daga ƙirjinsa. Akwai ware lokacin damuwa tun da yamma, ka rubuta abin da ke cin ranka da matakin da za ka ɗauka gobe, ka rufe littafin. Akwai sassauta gaɓoɓi ɗaya bayan ɗaya, dabarar da ta samo asali daga Edmund Jacobson. Sai 'yar autarsu mai ban sha'awa, wadda tushenta ke komawa ga Viktor Frankl: ka kwanta a duhu, ido buɗe, ka yi niyyar zama a farke cikin natsuwa. Da ka daina farautarsa, sai ya zo da ƙafarsa. Barci dai ɓarawo ne, ba ya shiga gidan da ake tsaye ana gadinsa.

In wani ya ce son zuciya ne ke sa mu wannan yabo, a kai shi ga alƙaluma. A 1999 Morin ya buga gwaji a mujallar JAMA inda ya kara CBT-I da ƙwayar temazepam a tsakanin dattawa. Da farko duka biyun sun yi aiki, amma da aka bi sawu har shekara biyu, waɗanda suka koyi dabarun ne ribarsu ta ɗore. A 2006 a ƙasar Nowe, Børge Sivertsen ya kara shi da zopiclone: bayan wata shida makin 'yan CBT-I ya tashi daga kusan kashi 81 zuwa 90, na masu ƙwaya kuwa yana nan inda yake. A 2015 James Trauer da abokansa suka tattara gwaje-gwaje 20 masu mutum 1,162, suka samu cewa lokacin jiran barci ya ragu da minti 19, farkawar tsakar dare ta ragu da minti 26. Jimillar barcin fa? Kusan minti 8 kacal ta ƙaru a ƙarshen horo. Ni wannan adadin ne ma ya fi burge ni. Mutane sun warke, sun daina tsoron dare, alhali awannin kusan suna nan yadda suke. Ashe abin da ke cinye mu shi ne dogon kwanciyar nan ido biyu, shi kuma aka tsige.

Shi ya sa a 2016 Ƙungiyar Likitoci ta Amurka, ACP, ta ce duk baligi mai rashin barci mai naci da CBT-I za a fara masa, kafin a yi zancen ƙwaya. Turai ta faɗi haka a 2017. A 2019 kuma hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sa gargaɗi mafi tsanani a kwalin zolpidem da 'yan uwansa biyu, saboda an samu masu tashi cikin barci su yi tafiya, har da tuƙa mota, wasu suka ji munanan raunuka, wasu suka rasa rai. Ba ina tsine wa ƙwaya ba ne, tana da ranarta a hannun likita. Amma ranar da ka daina sha, sau da yawa ranar aikinta ya ƙare, dabarar da ka koya kuwa ta zama taka.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne yadda ake sayar wa mutane da jabu. Ka kai kuka, a miƙo maka takardar nasiha: kada ka sha kofi da dare, ka gyara ɗaki, ka rage kallon waya, Allah Ya sawwaƙe. Wannan tsabtar barci ce, ƙaramin sashe ne na tsarin, kuma Cibiyar Likitancin Barci ta Amurka ta faɗa a 2021 cewa kada a ba da ita ita kaɗai a matsayin magani. Mai rashin barci na shekara biyar ai ya fi kowa sanin waɗannan, ya gwada su duka. In babu dayari, babu lissafin maki, babu ƙayyade lokacin kwanciya, to ba CBT-I aka yi maka ba, ko da wa ya sa hannu.

Ɗaya matsalar ita ce ƙarancin masu horarwa, har a ƙasashen da suka ƙirƙiro shi. Nan ne manhajoji suka shigo, kuma ina ƙaunarsu. Sleepio, wadda Espie ya gina tare da Peter Hames, ta fito ne da wani farfesan zane mai fara'a da karensa Pavlov, yana bi da kai mako-mako yana duba dayarinka. A 2017 an gwada ta a kan ɗalibai 3,755 a jami'o'in Birtaniya, barci ya gyaru, har damuwa da yawan zargi suka ragu, sannan a 2022 hukumar NICE ta Ingila ta amince da ita. Ma'aikatar tsofaffin sojojin Amurka ma ta saki CBT-i Coach da Insomnia Coach kyauta. Da Turanci suke, wannan kam cikas ne ga da yawa daga cikin iyayenmu.

Amma labarin da ya fi sa ni tsalle shi ne wanda mujallar Lancet ta buga a 2023. Simon Kyle da tawagarsa a Oksfod suka koya wa nas-nas na ƙananan asibitocin Ingila dabarar Spielman ita kaɗai, aka yi wa marasa lafiya gajerun zama huɗu, cikin gwaji mai mutum 642. Bayan wata shida, kashi 42 na waɗanda aka yi wa sun samu sauƙi mai ma'ana, a ɗaya rukunin da aka ba takardar nasiha kuwa kashi 17. Nas fa, ba farfesa ba! Abin da nas ta iya a can, nas za ta iya a Kano da Zinder da Tamale, don ba ya bukatar na'ura, ba ya bukatar wutar lantarki.

Sai dai 'yan uwa, mu da muke yaɗa shi mu riƙa haɗawa da gargaɗi. Taƙaita kwanciya yana kawo jin barci mai tsanani a farko, don haka direban doguwar hanya da mai aiki da injin yanka kada su shiga kai tsaye. Mai farfaɗiya, da mai ciwon da ke kai shi ƙololuwar zumuɗi ya dawo da shi cikin baƙin ciki, rage barci na iya tayar musu da ciwon, sai da likita a gefe. Mai minshari da numfashinsa ke ɗaukewa cikin barci a fara duba masa wannan. Wanda kuma ya daɗe yana shan Valium ko makamancinsa, kada ya yanke rana ɗaya don ya ji mun yabi CBT-I, yankewar gaggawa tana da haɗari, a hankali likita ke janye shi.

Saura kuma aiki ya rage namu. Ku da kuka ci moriyarsa, ku zauna da wanda kuka san yana kwana ido biyu, ku zana masa dayari a takarda, ku nuna masa yadda ake lissafin maki, ku raka shi wurin masani idan da hali. Malaman jinya da masana halayyar ɗan Adam da ke karanta wannan, don Allah ku koyi tsarin nan, ku rubuta mana shi da Hausa, ku kai shi ƙananan asibitoci da gidajen rediyo. Masu jira suna da yawa.